Kura: Daga Marina Zuwa Bakin Kanal

Kafin a san Kura da shinkafa, da rini aka san ta. Garin yana kan hanyar Zariya, kudu da birnin Kano, kuma turkuɗin da marinansa da mabugansa ke fitarwa ya kai har ƙasar Azbin, inda Buzaye ke tunƙaho da rawani ɗan Kura. Noman wancan zamani na damina ne: gero da dawa, wake a tsakanin kunya, sai baba da auduga don masu sana'ar tufafi. Maigida da ƙannensa da 'ya'yansa gandu ɗaya suke nomawa, rumbu ɗaya suke ci. Saurayi sai an tashi daga gandu yake leƙa gayaunarsa. Da an kai amfani gida, majiya ƙarfi su tafi cin rani.

Dam ɗin Tiga, wanda aka gina zamanin Gwamna Audu Bako aka kammala a 1974, shi ya sauya wannan tsari. Aka jawo ruwa ta kanal zuwa Kura da Bunkure da Garun Malam, aka baje gonaki da katafila, aka sake yanka su. Alkama gwamnati ta fi so, amma manoma suka bi abin da ke kawo kuɗi: tumatir da rani, shinkafa da damina. Yau ko'ina ka bi a Kura ƙarar injin casa ce, ga shanshera shanye a kan tamfol, mata suna turara ta a manyan tukwane.

Arziki ya shigo, wannan ba musu. Sai dai noman ruwa ba ya yiwuwa da ƙarfin damtse kaɗai. Yana son taki, maganin feshi, kuɗin ruwa da ladan 'yan ƙwadago, duk kafin a ga ƙwaya ɗaya. Wanda bai da jari sai ya ba da gonarsa haya ko jingina ga ɗan kasuwa ko ma'aikaci daga birni, wani lokaci ya koma yi masa dashe a gonar da ya gada. Wannan ne ya fi damuna. Gandu ya watse a gidaje da yawa, rabon gado kuma yana ta ƙara tsuke filayen.

Ga kuma kasada. A 2016 tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir a yankin, waɗanda suka ci bashi suka yi noman suka tashi hannu rabbana. Shekarar da tumatir ya yi kyau kuwa, a kasuwar Kwanar Gafan sai ka ga kwando ya faɗi har bai biyan kuɗin tsinka da na mota.