Ɗan Aike Ya Tafi, Mai Gida Yana Nan: Asalin Matsalar `cd` da Ɓatan Tarihin Umarni

Duk wanda yake aiki da Linux ta baƙin allon rubuta umarni, ko a banki yake ko a ofishin masu sayen masara da auduga a Funtua, ya san wasu matsaloli biyu. Ta farko, ya rubuta ƙaramin shiri mai ɗauke da `cd` don ya kai shi wata folda, shirin ya gama aiki, ya duba ya ga yana nan inda yake. Ta biyu, ya nemi dogon umarnin da ya buga jiya ya tarar babu shi. Duka biyun tushensu ɗaya, kuma ya haura shekara hamsin.

Manhajar da ke karɓar umarni ana kiranta shel, ma'ana ɓawo, domin ita ke lulluɓe da ƙwayar tsarin kamar ɓawon gyaɗa. Wani Bafaranshe, Louis Pouzin, ya raɗa mata sunan a tsakiyar shekarun 1960 a jami'ar MIT. A 1969 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina Unix a Bell Labs ta Amurka, a kan injin PDP-7.

Da farko shel ba ta aiken kowa: takan ɗora umarni a mazauninta, in ya gama a dawo da ita. Daga baya aka ƙara dabarar `fork`, wadda ke ba ta damar haifar kwafin kanta ya yi aikin. Ritchie ya ba da labari a wata maƙala ta 1979 cewa bayan wannan gyara sai umarnin sauya folda, wanda a lokacin ake kira `chdir`, ya daina aiki, aka yi ta neman dalili. Ashe umarnin yana aikinsa daidai, amma kwafin ne yake sauya folda, sannan ya mutu nan take. Kamar mutum ne a Malumfashi ya aiki yaro kasuwar Funtua: yaron ya isa, mai aiken kuwa yana zaune a zaurensa. Maganin da suka yi shi ne mayar da umarnin cikin jikin shel, kuma a nan `cd` yake har yau.

Saboda haka shirin da aka gudanar ta hanyar da aka saba ɗan aike ne. Wanda yake son ya tafi da kansa sai ya kira shirin da `source`. Idan ya rikice, `pwd` zai gaya masa inda yake, `cd -` ya mayar da shi inda ya baro, `pushd` da `popd` kuma su riƙe masa jerin wuraren da zai koma.

Shi kuwa tarihin umarni daga baya ya zo. Masu Unix na farko suna aiki da na'urar teletayif mai buga harafi 10 a daƙiƙa a kan takarda, don haka takardar ce shaidar abin da suka yi. Da allo ya maye gurbinta, rubutu ya riƙa wucewa ba ya dawowa. A ƙarshen shekarun 1970 Bill Joy, ɗalibi a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya fitar da C shell mai tuna umarni, inda `!!` ke maimaita na ƙarshe. Bash, wadda Brian Fox ya fitar a 1989, ta gaji wannan.

Nan ma dokar ɗan aike ce ke aiki. Kowace taga tana riƙe tarihinta a ƙwaƙwalwarta, sai an rufe ta lafiya take zuba shi a fayil ɗin `.bash_history`. Idan wuta ta ɗauke babu batir, aikin ranar ya tafi. Idan tagogi da yawa ne a buɗe, wadda aka rufe a ƙarshe na iya danne na sauran. Kunna `histappend` yana sa kowace ta ƙara nata a kan na baya, `history -a` kuma yana ajiyewa nan take. A inda wutar lantarki ba ta da tabbas, wanda ya saba da wannan ba zai wayi gari yana lalube umarnin da ya gyara lissafin kaka da shi ba.