Husufin Wata a Ƙasar Hausa

Husufin wata yana faruwa ne idan duniya ta shiga tsakanin rana da wata, inuwarta ta faɗa kansa. Shi ya sa ba a ganinsa sai wata ya cika, wajen daren sha huɗu ko sha biyar. Idan inuwar ta rufe shi ɗungurungum, sai ya rine ya yi ja kamar garwashi.

Mutanen dā sun ɗauka cewa rana ce ta kama wata don ya bi ta hanyarta. Da an ga alamar haka, sai yara su fito da gwangwanaye da tsofaffin kwanoni, suna bugawa suna zaga unguwa, suna roƙon rana ta sake shi, ba sa komawa gida sai ya washe. Al'adar ta daɗe a wannan yanki. A watan Satumba na 1830, wasu 'yan'uwa Turawan Ingila, Richard da John Lander, sun tarar da irinta a Bussa, bakin kogin Kwara, inda gari ya ruɗe da kaɗe-kaɗe da kururuwa. 

Malamai sun koyar da cewa husufi aya ce ta Allah, ba ya aukuwa don mutuwar wani ko haihuwarsa. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a littafin Risala, ba a yin jam'i a husufin wata. Kowa yakan yi nafila raka'a biyu-biyu shi kaɗai. Inda aka yi watsi da koyarwar cewa husufi aya ce ta Allah an ga ɓarna, kamar a Maiduguri a Janairun 2001, lokacin da matasa suka ƙone otal-otal da mashaya suna ɗora musu laifin husufin.

Yanzu masana taurari kan sanar da ranar da lokacin tun da wuri, amma gani ba a hannunsu yake ba. Da damina hadari yakan haɗu ya rufe sama, da hunturu kuma hazo ya dusashe watan. Husufin 27 ga Yulin 2018, mafi tsawo a wannan ƙarni, ya ɗauki awa 1 da minti 43 yana cike, kuma a tsakiyar damina ya zo. Tsawon irin wannan yana taimakon mai jira, domin gajimare yakan yaye na ɗan lokaci. Malamai da dama sun rataya sallar da ganin ido, don haka garin da hadari ya rufe har husufin ya wuce ba a neme shi da ita ba.