Indararo, Duba-gari da Takardar Izini: Tarihin Dokokin Gini da Muhalli a Arewacin Najeriya

Tun kafin a san ofishin tsara birane a ƙasar Hausa akwai ƙa'idojin da ke iyakance abin da mutum zai gina a filinsa. Ba a kiran su dokar muhalli, domin kalmar muhalli da wannan ma'ana baƙuwa ce; haƙƙin maƙwabtaka ake ce musu. Sai dai abubuwan da suke hukunci a kansu su ne dai waɗanda hukumomin yau ke fama da su: inda ruwan sama zai bi, inda hayaƙi zai nufa, inda za a haƙa salga, da tazarar da za a bari tsakaninta da rijiya.

Tushen waɗannan ƙa'idoji shi ne fiƙihun Malikiyya, musamman babin hana cutar da wani. Malaman mazhabar sun daɗe da fayyace yadda wannan babi ya shafi gini. Mafi shahara a cikinsu shi ne Ibn al-Rami na birnin Tunis, wanda ya rayu a ƙarni na 14. Shi kansa magini ne, alƙalai kan tura shi ya je ya duba bango ko magudana idan rigima ta tashi, daga baya ya tattara hukunce-hukuncen a littafi. A ƙarni na 19 malaman Daular Sakkwato sun ɗora a kan wannan gado. Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu a kan mallakar ƙasa da raya ta, alƙalin Gwandu Idrisu ɗan Halidu kuma ya tattara mas'aloli domin amfanin alƙalai, har da na gini da hanya da ruwa. A wannan tsari ba a buɗe taga ko ƙofa ta inda za a riƙa hangen cikin gidan maƙwabci. Ba a karkata indararo ya zuba a jikin katangar wani, tunda katangar ƙasa ce, damina ɗaya ta isa ta cinye gindinta. Ba a cin hanya, ko da da dakali ne, idan zai hana jaki mai kaya ko masu ɗauke da makara wucewa. Sana'ar da ke da wari ko hayaƙi, irin su jima da ƙira, tana da wurinta, kuma wanda ya kawo ta tsakiyar gidajen mutane daga baya shi ake tayarwa.

Ba wanda ke kai zanen gida wani ofis kafin ya aza tubali. Mutum na fara gininsa ne a gaban idon unguwa. In ya shiga haƙƙin wani, mai unguwa zai sa baki. In abin ya gagara, sai gaban alƙali, shi kuma ya nemi shaidar masana sana'ar. A nan ne Sarkin Magina ke da ta cewa. Magina ƙungiya ce mai shugabanci da gado, kuma sunan Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, ya nuna irin darajar da sana'ar ta kai. Ƙarfin wannan tsari shi ne cewa mai sa ido yana kwana katanga ɗaya da mai gini, ba ya jiran albashi ko motar zagaye. Rauninsa kuma a fili yake: yana kare wanda ke da bakin kai ƙara ne kawai. Kududdufi ba shi da mai shi, rafi ma haka. Ramukan da aka ɗebi ƙasar gina Kano su ne suka zama kududdufai, kuma da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya shiga birnin a 1851, ruwan da ke kwance a Jakara da sauran tafkunan cikin gari na daga cikin abubuwan da ya koka da su.

Abin da ake kira ɗorewa a yau kuwa ba doka ce ta kawo shi ba, kayan aikin ne da kansu. Tubali daga ƙasar unguwa yake, in gida ya rushe a kwaɓa ƙasar a sake ɗora ta. Azara daga giginya, wadda gara ba ta cika yi wa ɓarna ba. Makuba daga kwasfar ɗorawa. Laso, wanda ake shafe soro da shi don kada ruwa ya ratsa, haɗi ne na katsin marina da gashin jima da dafara, wato sharar sana'o'i biyu ce ta zama simintin ta uku. Bango mai kauri da ƙananan tagogi kan riƙe sanyin dare har tsakar rana, ya riƙe ɗumin rana a daren hunturu. Kuɗin da ake biya shi ne yaɓe duk shekara kafin damina, da sare giginya, wadda ke ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa sara.

Turawa sun zo da wani tsoro dabam. A 1897 Ronald Ross ya tabbatar da cewa sauro ne ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro, kuma likitocin mulkin mallaka suka yanke cewa maganin abin shi ne a nisanta Bature da ɗan ƙasa. Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903 aka fara kafa barikoki a wajen ganuwa, sannan Dokar Garuruwa ta 1917, ta zamanin Gwamna Lugga, ta mayar da abin tsari. Ta kasa garuruwa aji uku: Legas ita kaɗai a aji na ɗaya, irin su Kano da Zariya da Kaduna a aji na biyu. Tsakanin unguwar Turawa da mazaunin 'yan ƙasa kuma sai a bar fili mai faɗin yadi 440, kimanin mita 400, wanda ba a gina komai a cikinsa. Hujjar ita ce sauro ba zai ƙetare wannan tazara ba, gobara ba za ta tsallako ba, kiɗan dare ma ba zai hana Bature barci ba. Kuku da boyi dai suna kwana a ɗakunan bayan gidan Baturen, ko da yake ba wanda ya ce sauro na jin kunyarsu. Da yawa daga cikin waɗannan filaye su suka zama filin sukuwa da na folo da na golf, kuma manyan bishiyoyin da ke tsofaffin unguwannin Turawa, wato GRA, ragowar wancan tsari ne. Ana iya cewa su ne filayen shan iska na farko da doka ta kare a Arewa, amma don amfanin 'yan tsiraru aka kare su.

Cikin birni kuwa an bar shi a hannun Sarki da En'e. Abin da ya shiga lungunansa daga sabon tsari shi ne duba-gari, ma'aikacin tsafta mai leƙa randa da tulu ko akwai 'ya'yan sauro, mai duba salga da kwata, mai iya sa a ci tarar maigida. Tsofaffi har yau kan ba da labarin yadda ake rige-rigen zubar da ruwan kwantai idan aka ji ya shigo unguwa. Da shi ne aka fara ganin hukuma, ba maƙwabci ba, tana shigar da ƙara a kan ƙazantar gida. Ta fuskar kayan gini kuwa, Turawan farko ba su raina ƙasa ba. Gidan Ɗan Hausa a Kano da tsohuwar Kwalejin Katsina duk ginin ƙasa ne na maginan Hausa. Sannu a hankali ne kwano da siminti suka zama alamar ci gaba, ƙasa ta koma alamar rashi.

A Kudu annoba ce ta tilasta doka. Cutar da ɓeraye ke yaɗawa ta ɓarke a Legas a 1924, aka kafa hukumar raya birnin a 1928 da ikon rushe unguwanni masu cunkoso. Dokar tsara birane da karkara ta 1946, wadda aka kwaikwayo daga ta Ingila ta 1932, ita ce ta game ƙasa baki ɗaya, ta kuma yi shekara arba'in da shida tana aiki. A ƙarƙashinta aka yi wa Kano tsarin shekara ashirin daga 1963 zuwa 1983, kamfanin Max Lock kuma ya fitar da na Kaduna a 1967. Birane sun fi tsare-tsaren sauri. Masana'antar siminti ta Nkalagu ta fara aiki a 1957, ta Sakkwato ta biyo baya a 1967, kuɗin man fetur kuma ya zo ya buɗe ƙofar gaba ɗaya: a 1975 gwamnati ta yi odar simintin da ya fi ƙarfin tashar Legas, ɗaruruwan jiragen ruwa suka yi watanni a layi. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ɗora filayen birni a hannun gwamna, takardar shaidar mallaka ta zama abin nema. Duk cikin waɗannan ba inda aka tambayi abin da gini zai yi wa ruwa ko iska ko ƙasa.

Abin da ya kawo wannan tambaya ba shi da alaƙa da gini ko kaɗan. A 1988 aka gano dubban gangunan sharar guba da aka shigo da su daga Italiya aka jibge a wani fili a garin Koko, a jihar Bendel ta lokacin, Delta ta yau. Gwamnatin Janar Babangida ta tarar ba ta da wata doka takamaimai da za ta kama kowa da ita. Kafin shekarar ta ƙare an fitar da dokar soja mai lamba 42 a kan shara mai guba, da mai lamba 58 wadda ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA. A 1992 aka ƙara biyu da suka shafi magina kai tsaye: mai lamba 86, wadda ta wajabta a binciki illar babban aiki ga muhalli kafin a fara shi, da mai lamba 88, wadda ta maye gurbin dokar tsara birane ta 1946.

Dokar binciken illa tana da jerin ayyukan da dole a yi musu shi: madatsun ruwa, manyan hanyoyi, filayen jirgin sama, masana'antu, wuraren fasa dutse, da rukunin gidajen da ya kai hekta 50. A nan giɓin yake. Biranen Arewa ba da hekta hamsin-hamsin suke girma ba, da fuloti ɗaya-ɗaya ne, a gonakin da aka yanka aka sayar a awon igiya, ba titi ba magudana. Kududdufin da aka cike da shara aka yanka shi fuloti goma bai kai girman da dokar za ta gan shi ba, alhali shi ne ke shanye ruwan unguwa guda. Ruwan da ya rasa masauki kuma ba ya tambayar wanda ya cike masa gida, na ƙasa da shi yake shiga. Sannan a 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya, ta yanke cewa tsara birane da ba da izinin gini hurumin jihohi ne, ban da Abuja. Daga nan duk ƙa'idar da tarayya ta fitar sai jiha ta karɓe ta kafin ta ciji, nauyin kuma ya koma kan hukumomi irin su KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna.

Takardu sun ci gaba da fitowa. An narkar da FEPA a cikin Ma'aikatar Muhalli a 1999. Kundin ƙa'idojin gini na ƙasa ya fito a 2006, sakamakon yawan rushewar benaye. An kafa sabuwar hukumar tilasta bin dokokin muhalli, NESREA, a 2007, ta kuma fitar da ƙa'idojin muhalli na ɓangaren gine-gine a 2011, masu magana a kan ƙura da ƙara da ɓaraguzai da ruwan da ke fita daga wurin aiki. Rushewar ba ta tsaya ba: bene mai hawa 21 ya faɗi a Ikoyi ranar 1 ga Nuwamba 2021 ya kashe fiye da mutum 40, ginin wata makaranta a Jos kuma ya rufta da ɗalibai a Yulin 2024.

Wani mataki kuma ya shafi zafi da wutar lantarki. Gidan bulo mai rufin kwano da manyan tagogin gilashi tanda ne a watan Afrilu, ba ya zaunuwa sai da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, a ƙasar da wutar ba ta isa ba sai an haɗa da janareta. Yin simintin kansa na fitar da kimanin kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na iskar carbon da ɗan Adam ke saki a duniya. A 2016 Ma'aikatar Wuta da Ayyuka da Gidaje, da taimakon hukumar GIZ ta Jamus, ta fitar da jagorar tsimin makamashi a gine-gine, a 2017 kuma ta mayar da ita kundin ƙa'ida. Kundin ya ce kada tagogi su wuce kashi 20 cikin ɗari na faɗin bango sai an yi musu inuwa, a sa abin tare zafi a ƙarƙashin rufi, a taƙaita wutar da fitilu ke ci, a kuma yi amfani da na'urar sanyi marar zuƙar wuta. Sharuɗɗa biyun farko soron ƙasa ya daɗe da cika su ba tare da an rubuta masa ba. Cibiyar binciken gini da hanyoyi ta ƙasa, NBRRI, wadda aka kafa a 1978, ta shafe shekaru tana tallar bulon ƙasa da ake matsewa da inji a zuba masa ɗan siminti, amma kasuwa ba ta karɓe shi sosai ba, domin mai gida da birkila da banki duk bulon siminti suka amince da shi. Kundin na 2017 shi ma ba ya cizo sai jiha ta sa shi cikin sharuɗɗan ba da izini, kuma mafi yawan gidajen da ake ginawa a gefen biranen Arewa ba su taɓa biyowa ta ofishin izinin ba.