Ruwan Logone: daga madatsar Maga zuwa rikicin 2021

Wanda ya zauna cin tsire da dare a Briqueterie, unguwar Hausawa ta Yaounde, ko ya sayi bandar kifi a kasuwar Mokolo, ba kasafai yake tunanin ruwan da ya rayar da saniyar da kifin ba. Wani kaso na wannan abinci daga arewa mai nisa yake fitowa, daga kwarin kogin Logone.

A can akwai wata makekiyar fadama wadda Fulani ke kira yayre. Duk shekara idan damina ta yi nisa Logone yakan cika ya batse, ya malale filin. Kifi ya hayayyafa, masunta Musgum da Kotoko su kama. Idan ruwa ya janye sai ɗanyar ciyawa ta fito, makiyaya Larabawan Shuwa da Fulani su kawo shanunsu su ci rani. Fili ɗaya ne, amma kowa da lokacinsa.

A shekarar 1979 gwamnatin Kamaru ta gina madatsar ruwa a Maga domin noman shinkafa na kamfanin SEMRY, ta kuma yi jinga a gaɓar kogin. Aikin ya zo daidai da shekarun fari. Ambaliya ta daina kaiwa wurare da dama, ciyawa mai ɗorewa ta mutu, kifi ya ragu, har namun dajin Waza suka tagayyara. A 1994 aka buɗe wata mashiga domin maido da ruwa, amma gyaran bai game ko'ina ba. Masunta suka yawaita haƙa magudanai da ramuka don tare ruwa da kifi. Ramin da yake rumbu ga masunci, tarko ne ga saniyar da ta zo shan ruwa ta kafe a taɓo.

Irin wannan saɓani ne ya rikiɗe ya zama yaƙi a Logone-Birni a watan Agustan 2021. Ya sake tashi ranar 5 ga Disamba a ƙauyen Ouloumsa. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙidaya mutum 44 da aka kashe da ƙauyuka 112 da aka ƙona.

An ɗora laifin a kan sauyin yanayi, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai a ganina bayanin ya yi wa hukuma sauƙi, domin sama ba ta gina madatsa, ba ita take raba burtali da mashaya ba. Rikicin bai tsaya a ƙauye ba: ranar 8 ga Disamba ya shiga Kusseri, aka lalata karar shanu, dubban mutane, galibinsu mata da yara, suka tsallaka kogi zuwa Chadi.