Tuba da Mayar da Haƙƙi: Nazari a Kan Koyarwar Kirista a Ƙasar Hausa

A Mashi, kusa da iyakar Nijar, inda Musulmi suka fi rinjaye, Kirista da maƙwabcinsa Musulmi da kalmomi iri ɗaya suke maganar laifi: zunubi, tuba, gafara. Dukansu daga Larabci Hausa ta aro su, kuma su ne masu fassara, irin su Dokta Walter Miller na Zariya, suka ɗauka a Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. Hujjar wannan maƙala ita ce, a koyarwar Kirista gafara kyauta ce, amma tuban da bai taɓa haƙƙin wanda aka zalunta ba bai cika ba.

Ikilisiyoyi sun haɗu a kan cewa gafara alherin Allah ce ta wurin mutuwar Yesu Almasihu da tashinsa. A hanya suka bambanta. Ɗan Katolika yakan furta zunubinsa a gaban fada. Mabiyin ECWA, ikilisiyar da ta tsiro daga aikin mishan na SIM a 1954, kai tsaye yake roƙon Allah. In laifin ya fito fili, dattawa su sa shi a horo, ya dakata da cin Jibin Ubangiji har a ga sauyi.

Ma'aunin sauyin yana cikin Luka sura 19. Zakka mai karɓar haraji bai tsaya ga nadama ba, ya ɗauki alkawarin biyan duk wanda ya cuta ninki huɗu. Addu'ar Ubangiji a Matiyu sura 6 kuwa ta ɗaure gafarar da mutum ke nema da wadda yake yi wa wasu. Nauyi biyu ke nan: mai laifi ya mayar, wanda aka cuta ya yafe.

Jihar Katsina ta ga abin da ke faruwa in ba a sauke nauyin farko ba. Sulhun da gwamnati ta yi da "tubabbun" 'yan bindiga a 2019 bai ɗore ba, aka koma gidan jiya. A Kaduna kuwa, Fasto James Wuye, wanda ya rasa hannu a wani rikici a 1992, da Imam Muhammad Ashafa sun yafi juna, suka shafe shekaru suna sasanta al'ummomin da rikici ya raba. Tubansu ya karɓu domin aiki ya biyo bayansa. Wanda aka kore wa shanu yana da ikon tambayar mai cewa ya tuba: ina shanuna?