Shirwa da Goruba: Ɗaya na Cirani, Ɗaya na Jiran Gida

Yarona da aka haifa a Agege ya ga shirwa tana shawagi a saman mayanka, ya tambaye ni ko Nguru ma akwai ta. Na ce sosai, a kan goruba na saba ganinta. Sai ya ce, "Baba, ashe goruba bishiya ce?" Shi 'ya'yan kawai ya sani, a farantin masu talla.

Shirwa tsuntsuwa ce mai farauta, launinta ƙasa-ƙasa, in ta buɗe fikafikai faɗinsu ya kusa mita ɗaya da rabi. Da wutsiya ake gane ta, tsage take kamar ta kifi. Ba ta zaɓen abinci: 'yan tsaki, fara, ƙadangare, tarkacen mahauta, duk nata ne. Kuma 'yar cirani ce irinmu. Da rani take cika garuruwan kudu, damina na kankama ta bi ruwa ta yi arewa.

Goruba ma da tsaguwa ake gane ta. Giginya da dabino miƙewa suke sambal, ita kuwa gangar jikinta rabuwa take biyu, kowane reshe ya sake rabuwa. Akwai mace akwai namiji, macen ce ke 'ya'ya. Da ganyen ƙaramarta, wato kaba, ake saƙa tabarma da igiya. Inda duk ta yi yawa, ruwa na kusa a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa ta cika fadamun da ke tsakanin Nguru da Gashua, har Dagona, wurin tsuntsayen nan da Yarima Philip na Ingila ya ziyarta a 1989.

To, a nan suka sha bamban. In wuri ya lalace, shirwa tashi take ta nemi wani. Goruba ba ta da inda za ta. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke jiƙa fadamun ta ragu. Ga masu gatari, ga masu yankan kaba da ba sa barin ƙananan su yi tsawo. Zuwana na ƙarshe, a bayan unguwarmu na tarar da kaba birjik a ƙasa, amma manyan da muke jifa muna yara, na ƙirga su da yatsun hannu ɗaya.