2,147,483,647: Lambar da ta zama iyakar ƙirgen na'urori

Lamba 2,147,483,647, wato biliyan biyu da miliyan 147 da dubu 483 da 647, tana cikin lambobin da suka yi fice a ilimin lissafi da na kwamfuta. Ana samun ta ne idan aka jera 2 har sau 31, aka ninka su da juna, sannan aka ɗebe 1.

Matsayinta a lissafi

Lamba ce mara, ba cika ba. Tana kuma cikin rukunin lambobi marasa rabuwa, waɗanda babu abin da ke raba su ba tare da saura ba sai 1 da su kansu. Irin waɗannan lambobi, idan daga ninkin 2 aka same su bayan ɗebe 1, ana jingina su ga Marin Mersenne, malamin coci ɗan ƙasar Faransa, wanda ya wallafa jerinsu a 1644. Ita ce ta takwas a jerin, bayan 3 da 7 da 31 da 127 da 8,191 da 131,071 da 524,287.

Masanin lissafi Leonhard Euler ne ya tabbatar da rashin rabuwarta a 1772, lokacin da ganinsa ya kusa ɗaukewa baki ɗaya. Ta shafe kusan ƙarni guda tana riƙe da matsayin mafi girma a cikin lambobi marasa rabuwa da aka sani.

Daga gare ta ake fitar da kammalalliyar lamba ta takwas. Kammalalliya ita ce lambar da jimillar masu raba ta, ban da ita kanta, ta yi daidai da ita, kamar 6 da ke daidai da 1 da 2 da 3 a haɗe. Ta takwas ɗin ita ce 2,305,843,008,139,952,128.

Iyakar na'ura

Kwamfuta da sifili da ɗaya take ƙirge. A tsarin da ke da gurbi 32, ana ware gurbi ɗaya domin nuna ko lamba tana sama da sifili ko ƙasa da shi. Idan aka cika sauran 31 da ɗaya-ɗaya, 2,147,483,647 ake samu. Da zarar an ƙara 1 a kai, ƙirgen yakan juye zuwa ƙasa da sifili. Manhajar da ke adana kuɗi da kwabo a wannan tsari ba za ta iya wuce naira miliyan 21 da dubu 474 da 836 da kwabo 47 ba.

A watan Disamban 2014, YouTube ya sanar da faɗaɗa ma'ajin ƙirgensa zuwa gurbi 64, saboda yawan kallon da aka yi wa bidiyon Gangnam Style na mawaƙin Koriya ta Kudu, Psy.

Matsalar 2038

Na'urori da dama suna lissafin lokaci ne ta hanyar ƙirga sakan tun daga 1 ga Janairun 1970. A masu gurbi 32, ƙirgen zai cika ranar 19 ga Janairun 2038, da ƙarfe 4:14 da sakan 7 na asuba agogon Najeriya. Sakan ɗaya bayan nan, agogonsu zai koma Disamban 1901. Sababbin wayoyi da kwamfutoci sun koma gurbi 64, amma tsofaffin na'urorin da aka dasa a masana'antu da ababen hawa, waɗanda ba kasafai ake sabunta su ba, su ne ke buƙatar gyara kafin ranar.